Kwana tara da Ghidra da x64dbg a kan manhajar shagon Kawu

Kawuna ɗan sarin hatsi ne a Babbar Kasuwar Katsina, masara da gero da dawa da wake. Shekaru da dama da suka wuce wani saurayi ya rubuta masa 'yar manhajar lissafi, ana shigar da ciniki da bashi, ƙarshen wata ta fitar da jimla. Saurayin ya bar gari tuntuni, lambarsa ba ta shiga, kuma bai bar mana asalin rubutun manhajar ba. Fayil ɗaya ne kawai a tsohuwar kwamfutar shago, sai wani fayil na biyu da take adana bayanai a ciki.

Bayan kaka, lokacin da kasuwa ta buɗe, Kawu ya kira ni da magariba. "Kai ɗana, zo ka ga injin nan naku ya haukace. Wai ni ake bi miliyan ashirin." Na je na duba. Littafin hannu na yaron shago ya nuna cinikin wata naira 22,150,000, ita kuwa kwamfuta ta rubuta 20,799,672.96 da alamar ragi a gaba. Na ce, "Kawu, ku kwantar da hankali, ba wanda ya taɓa kuɗinku." Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kwabo 96 ɗin nan. Wa ya ga kwabo a kasuwa yanzu, balle a ce an biya shi a cinikin buhu?

Gyaran kwamfuta nake yi a wajen Ƙofar Kaura, ban taɓa warware manhaja ba sai wannan karon. Aikin kamar na tela ne da aka kawo wa riga aka ce ya ɗinka irinta: dole ya farke ɗinkin ya ga yadda aka yi yankan. Kayan aiki biyu na ɗauko, duka kyauta. Na farko Ghidra, mai farke manhaja ta nuna abin da ke cikinta, wadda hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA ta saki ga jama'a a watan Maris na 2019, daga baya ta ɗora asalin rubutunta a GitHub, shafin intanet da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu. Da na faɗa wa Kawu masu ita, sai ya ce in tabbata dai ba za su ƙirga masa buhuna daga can ba. Na biyu x64dbg, mai bin sawun manhaja tana cikin aiki, wato dibaga. Akwai IDA Pro ta kamfanin Hex-Rays da manyan ma'aikata suka daɗe suna amfani da ita, amma kuɗinta ba na mai shago irina ba ne.

Saka Ghidra sai da ɗan shiri. Da Java aka rubuta ta, don haka sai ka fara sauke JDK, wato kayan aikin yaren Java, kuma ɗaruruwan megabayit ne, na bari sai dare na sayi datar dare. Tana son ƙwaƙwalwa, aƙalla gigabayit 4, nawa kuwa ke nan cif, shi ya sa fankar laftof ɗina ta yi ta kuka. Ita x64dbg ba ruwanta da wannan, ka zazzage ta daga jaka ka danna. Manhajar Kawu mai bit 32 ce, sai na buɗe ɗan'uwanta x32dbg da ke zuwa tare da ita.

Ranar farko na kusa haƙura. Ghidra ta gama nazarinta ta zubo mini layuka dubbai na yaren asambili, wato ƙananan umarnin da firosesa ke bi ɗaya bayan ɗaya: MOV, PUSH, CMP, JNZ, CALL. Duk sunayen da saurayin nan ya raɗa wa ayyukansa sun ɓace tun ranar da aka harhaɗa manhajar, wato aka mayar da rubutunta yaren na'ura, saura irin su FUN_00401a30 da local_14 da iVar2. Kamar a ajiye ka tsakiyar birni da dare an cire duk allunan unguwanni. Abin da ya cece ni tagar nan ta dama, wadda nake kira tafinta. Tana ɗaukar asambili ta mayar da shi wani abu mai kama da yaren C na rubuta manhaja. Ba asalin rubutun ba ne, hasashe ne, kuma wani lokaci takan ɗauki lamba a matsayin adireshi. Amma layi arba'in na asambili ya koma layi takwas da mutum zai iya karantawa, kuma in ka danna layi a dama sai ta haska maka takwarorinsa a hagu. A kan wannan tagar kaɗai na ba Ghidra mafi yawan makinta.

Dabarar da ta buɗe mini hanya mai sauƙi ce. Na nemi jerin kalmomin da ke cikin fayil ɗin, na tarar da rubutun da ke fitowa a saman jimlar wata, na bi inda aka kira shi. Nan na faɗa cikin aikin da ke tara kuɗi. Daga nan sai raɗin suna: ka danna L ka mayar da iVar2 "kudin_buhu", ka mayar da FUN kaza "tara_jimla", sunan ya bazu duk inda aka ambace shi. Kwana uku ina wannan, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, har shafin ya fara magana da Hausa. Sai ga wani layi: IMUL EAX,EAX,0x64. A lissafin goma sha shida 0x64 ɗari ne. Ashe duk kuɗin da aka shigar sai manhajar ta ninka shi sau ɗari, ta ajiye shi a kwabo.

Zato ne wannan, ina son in gani da idona, nan x32dbg ta shigo. Na kwafi manhajar da bayanan zuwa wata kwamfuta (kada ka kuskura ka yi gwaji a kan na ainihi), na je adireshin da Ghidra ta nuna, na danna F2 na kafa shinge a kan umarnin ADD mai tara kuɗin, na danna F9 ta tashi. Tana isowa wurin ta ja birki kamar direba ya ga jami'ai a hanyar Jibiya. F8 taki ɗaya ne, F7 kuma ya shigar da kai cikin aikin da aka kira. A gefe kana ganin rajistocin firosesa, wato ƙananan ma'ajin da take riƙe lambobi a ciki, wanda ya canja ya yi ja. Na yi ta kallon jimla tana hawa ciniki bayan ciniki, har ta kusa 7FFFFFFF, wato 2,147,483,647 a lissafin goma sha shida. Ciniki ɗaya ya ƙaru, lambar ta koma mai farawa da 8, tutar OF, mai nuna lamba ta wuce iyakar ma'aji, ta tashi daga 0 zuwa 1. Na yi kabbara ni kaɗai a shago.

Ga abin da ya faru. Ma'aji mai bit 32 da ke karɓar ragi ba ya ɗaukar abin da ya wuce 2,147,483,647. In kwabo kake ƙirgawa, iyakarka naira 21,474,836 da kwabo 47. Ka ƙara kwabo ɗaya, mudu ya cika ya kife, lambar ta zagayo ta ƙasa. Cire 4,294,967,296 daga kwabo 2,215,000,000 ka gani, ragin Kawu ne zai fito har da kwabo 96 ɗinsa. Ban ga laifin saurayin ba sosai. Lokacin da ya yi rubutun, wa zai ce shagon nan zai yi cinikin miliyan 21 a wata? Buhunan ba su ƙaru ba, kuɗinsu ne ya yi tsalle.

Inda zan ja kunnen mai sha'awa shi ne gyara. Kayan nan biyu sun nuna mini ciwon sarai, amma magani ya rage nawa. x64dbg tana bari ka sauya bayit ka adana sabon fayil, kuma akwai daɗi: bayit 74 ya koma EB, umarnin tsallaka zuwa wani layi da ke da sharaɗi ya zama na dole, 90 kuma ya shafe umarni. Na yi tunanin soke ninkin ɗarin, sai na tuna duk tsofaffin bayanai a kwabo suke, da bashin kowa ya ninka sau ɗari. Hana lambar karɓar ragi zai kai mu miliyan 42 da ɗoriya ne kawai, kaka biyu mu dawo gidan jiya. Faɗaɗa ta zuwa bit 64 kuwa sai an taɓa wurare da yawa a fayil ɗin da ba shi da sararin ƙari. Saboda haka ban taɓa ko bayit ɗaya ba. Na koma Ghidra na karanta yadda take rubuta fayil ɗin bayanai, ina suna ya ƙare, ina kwanan wata ya fara, na rubuta ɗan gajeren shiri da Python ya kwashe komai zuwa Excel.

Wani ɗalibi da ke zama shagona ya ga allon ya ce in koya masa fasa manhajojin kuɗi. Na ce masa wannan ta Kawu ce, da kuɗinsa aka rubuta ta, ta wani kuma haƙƙin wani ce.

In ka san ɗan C kuma kana iya zama, Ghidra ta cancanci datarka, ka haɗa ta da x64dbg. Ghidra ma tana da nata dibagar tun 2021, amma hannuna ya fi sabawa da x64dbg. In ba ka taɓa rubuta shiri ba, fara da rubuta ƙaramin naka, ka harhaɗa shi, sannan ka buɗe shi a ciki ka ga yadda ya koma.

Kawu dai ya ƙi rabuwa da tsohuwar manhajarsa, wai ya saba da kalar allonta. Mun daidaita a kan yaron shago ya riƙa rufe lissafi duk ranar Alhamis maimakon ƙarshen wata, ni kuma in zo in kwashe zuwa Excel. Ladana rabin buhun gero, an kai gida tun kafin in tambaya.