Amfilifaya mai kwalba ko mai taransista?

Kullum sai an tambaye ni wai in mutum zai haɗa kayan sauti na manya a gida wane amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya je sifika, zai ɗauka, mai kwalba ko mai taransista.

Mai kwalba, wato mai aiki da kwalaben gilashi na lantarki da ke ƙara ƙarfin sautin, tsohon yayi ne amma har yau ana ƙera shi, misali samfurin MC275 na kamfanin McIntosh tun 1961 ya fito kuma masoya sauti ba su daina nemansa ba. Sautin mai kwalba da laushi, muryar mawaƙi ta fito kamar yana zaune gabanka, sai dai fa yana zafi sosai, ga shan wuta, kwalaben su gaji ka canza, ƙarfinsa kuma yawanci kaɗan ne, sifika mai cin ƙarfi za ta wahalar da shi.

Mai taransista kuwa, wato mai aiki da 'yan ƙananan na'urorin lantarki a madadin kwalabe, kunna ka manta. Ƙarfi ya fi, bes, wato sautin ƙasa, ya fi kauri, kulawa kusan babu. Wasu na cewa sautinsa a bushe yake, ni dai a masu kyau ban ji hakan ba.

Mai ƙaramin ɗaki, mai son kiɗa mai sanyi, wanda hidima ba ta damunsa, kwalba ta dace da shi. Mai babban falo da manyan sifiku, taransista.