Gudun famfalaki bayan shekara 40: tsarin atisaye, takalmi da agogo, wanne za ka zaɓa?

Mai shekara 45 ko 55 da ya ƙuduri aniyar shiga gasar dogon gudu yakan fara da sayen takalmi da agogo, sai daga baya ya shiga neman tsarin atisayen da zai bi. Da ya juya lamarin da ya fi. Tsarin atisaye ne ke yanke sau nawa za ka fita a mako da kilomita nawa za ka ci, shi ne kuma zai nuna irin takalmin da ƙafarka ke bukata, da ko agogon ma ya zama dole.

Dalilin da ya sa zaɓinka ba zai zama irin na ɗan shekara 25 ba shi ne sassan jiki ba sa sabawa da gudu lokaci guda. Zuciya da huhu sukan karɓa cikin 'yan makonni, sai ka ji haki ya ragu, ƙarfi ya zo. Agara da jijiyar tafin ƙafa da ƙashin ƙwauri kuwa watanni suke ɗauka, kuma idan shekaru sun ja, gyaran da suke yi wa kansu bayan wahala yana ƙara jinkiri. A wannan giɓin ake samun rauni: numfashi ya ba ka izinin ƙari, agara ba ta shirya ba. Saboda haka duk abin da za ka saya, tambayar farko ita ce, wane hutu yake bar wa ƙafa?

Kafin ka kashe ko kwabo, a auna maka jini da suga. Wanda ya taɓa jin ƙirjinsa ya ɗaure ko jiri ya ɗebe shi yana aikin ƙarfi, ko a danginsa na kusa akwai wanda ciwon zuciya ya kashe da sauran ƙuruciyarsa, ya ga likita tukuna. Magunguna biyu suna da ruwa da tsaki a nan. Na hawan jini irin atenolol da bisoprolol suna danne bugun zuciya, don haka lissafin agogo ba zai yi maka daidai ba. Ciprofloxacin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, da danginsa kuma suna iya raunana agara har ta tsinke, ka gaya wa mai rubuta maka magani cewa kana gudu.

Tsarin atisaye

Wanda bai taɓa gudu ba, ko ya bari shekara goma, ba shi da dogon zaɓi. Tsarin Couch to 5K na kai sabon shiga ga gudun kilomita 5, wanda Josh Clark ya ƙirƙiro a 1996, mako 9 ne, fita uku a mako. Ana farawa da sassarfar daƙiƙa 60 da tafiyar daƙiƙa 90 ana maimaitawa, a ƙare da gudun minti 30 ba tsayawa. Kyauta ake samunsa. Inda yake kayar da mutane shi ne ƙarshen mako na 5, da ake tsallakawa zuwa minti 20 a jere. Idan makon ya yi nauyi, maimaita shi, ba wanda ke binka bashi.

Rabin famfalaki kilomita 21.1 ne, cikakken kuma 42.195. A ganinmu bai kamata mai matsakaicin shekaru ya yi rajistar cikakken ba sai ya yi kamar shekara guda yana gudu a kai a kai, yana cin kilomita 30 zuwa 40 a mako ba tare da wani wuri ya yi ƙorafi ba. Daga nan ne fitattun tsare-tsare suke rabuwa.

Tsarin sababbin shiga na Hal Higdon, mai horar da 'yan gudu a Amurka, mako 18 ne: kwana huɗu na gudu, ɗaya na keke ko iyo, biyu na hutu. Gudu mafi tsawo kilomita 32 ne, ana yinsa saura mako uku gasa. Sauƙinsa da yawan hutunsa ne suka sa ake sonsa. Aibinsa, a makon da ya fi nauyi rabin dukkan gudun a rana ɗaya ake yinsa. Mai cin kilomita ɗaya a minti bakwai da rabi zai yi awa 4 cur a kan ƙafa ran nan, kuma yana iya shafe mako guda bai dawo daidai ba. Shi ya sa masu horarwa da dama ke auna dogon gudu da lokaci maimakon nisa, su tsayar da shi wajen awa 3.

Tsarin Hansons, na wasu 'yan'uwa biyu masu horarwa a Amurka, ya bi ta wata hanyar. Dogon gudunsa bai wuce kilomita 26 ba, amma kwana shida ake fita, jimilla ta kai kusan kilomita 90 a mako. Da gangan aka gina shi a kan tara gajiya, don mutum ya saba gudu da ƙafa mai nauyi. Ga wanda ya daɗe a harkar yana aiki. Ga wanda ya shigo da shekara 50, hutun kwana ɗaya a mako ya yi kaɗan.

Akwai kuma tsarin FIRST na jami'ar Furman a Amurka: gudu uku kacal a mako, da kwana biyu na keke ko iyo ko makamancinsu. Jin "kwana uku" kan ruɗi mutane su ɗauka sassauci ne, alhali duk ukun da zafi ake yinsu: ɗaya gajerun zagaye da sauri, ɗaya matsakaici mai matsi, ɗaya dogo. Yana rage dukan da gaɓoɓi ke sha, amma sauri shi ne abin da sha-raɓa da agara suka fi tsana. Mai tarihin ciwo a wuraren nan ya kauce masa.

Wanda muka fi karkata gare shi ga mai gasar farko shi ne salon Jeff Galloway, ɗan tseren da ya wakilci Amurka a wasannin Olamfik na 1972: gudu da tafiya a gauraye tun daga kilomitar farko, misali gudun minti 3 ko 4, tafiyar daƙiƙa 30 zuwa 60. Sirrin shi ne a yi tafiyar kafin gajiya ta zo, ba bayan ta ci ƙarfi ba. Wasu na ganin kamar kasawa ce, amma sau da yawa mai wannan salon ne ke wuce su bayan kilomita 30, lokacin da ƙafafunsu suka sandare.

Ko wanne ka ɗauka, duba abu huɗu a cikinsa. Kusan kashi 80 cikin 100 na gudun ya zama mai sauƙi, wanda za ka iya hira a cikinsa. A bar awa 48 aƙalla tsakanin rana mai nauyi da 'yar uwarta. Duk mako na uku ko na huɗu a rage nisa da kamar kashi 25 cikin 100. Sannan a samu gurbin ƙarfafa tsoka sau biyu a mako, wanda yawancin tsare-tsaren kyauta ba sa ambata: ɗage a kan matakala da ƙafa ɗaya, sau 12 zuwa 15, zagaye uku, da gwiwa a miƙe sannan a lanƙwashe, sai tsuguno da tashi riƙe da nauyi. Ga mata bayan ɗaukewar al'ada wannan ya fi muhimmanci, don ƙashi na rage ƙwari a lokacin, kuma ciwon ƙwauri da za a iya nuna wurinsa da yatsa ɗaya yana iya zama tsagewar ƙashi.

Takarda, manhaja ko koci? Takarda ba ta san ka kwana da zazzaɓi ba. Manhaja tana sauya atisaye bisa abin da agogo ya ba ta, amma ba ta jin agararka. Koci ya cancanci kuɗinsa ne kawai idan ya tambaye ka tarihin rauni da magani da barci kafin ya turo jadawali. Idan bai tambaya ba, takarda ce ka saya da tsada.

Takalmi

Lamba ɗaya ce masu saye kan manta su duba: gangaren takalmi, wato nawa dunduniya ta fi wajen yatsu tudu. Yana kamawa daga sifili zuwa milimita 12. Mai ƙaramin gangare yana tura aiki ga agara da sha-raɓa, mai babba yana mai da shi wajen gwiwa. Wanda agararsa ke masa tauri da safe ya tsaya a milimita 8 zuwa 10. Mai ciwon gaban gwiwa yana iya gwada 4 zuwa 6, amma a hankali, gajeren gudu ɗaya a mako da farko.

Takalmin atisayen yau da kullum, mai nauyin giram 250 zuwa 300 da soso matsakaici, shi ne zai yi maka kusan komai, har ranar gasa. Mai kaurin soso sosai yana da daɗi a dogon gudu, sai dai idan laushin ya yi yawa ƙafa kan yi lilo a kai, musamman wajen shan kwana. Mai tokare cikin ƙafa, wanda ake tallata wa masu shimfiɗaɗɗen tafi, ba dole ba ne muddin ba ka jin ciwo. Wanda ya zauna maka daidai tun gwajin farko shi ne naka, ba wanda aka ce zai saki daga baya ba.

Sai masu farantin kabon, wato wani faifai mai tauri da ake sakawa a cikin soson, da suka yi tashe tun fitowar Nike Vaporfly a 2017. An auna sun rage ƙarfin da ƙwararru ke kashewa da kimanin kashi 4 cikin 100, har hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta kafa doka a 2020 cewa kaurin takalmin tseren titi kada ya wuce milimita 40. Ribar tana raguwa idan gudu ya yi sanyi, dunduniyarsu siririya ce, kuma sun fi saurin mutuwa. Mai nufin kammalawa a awa biyar, wanda zai riƙa haɗawa da tafiya, kuɗinsa sun fi amfani idan ya sayi na yau da kullum guda biyu mabambanta ya riƙa musanyawa.

A gwada takalmi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za a yi gudu da ita. A bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsa mafi tsawo da bakin takalmi, in ba haka ba farce zai yi baƙi ya fita. Ciro shimfiɗar ciki ka taka ta a tsaye: idan ƙafarka ta zarce gefenta, takalmin ya yi maka ƙunci. Soso kan mutu tsakanin kilomita 500 zuwa 800, sau da yawa sama na nan fes, don haka rubuta ranar da ka fara sa shi.

Agogo

Waya a jakar ƙugu ta isa har zuwa kilomita 10. Agogon GPS, na Garmin ko Coros ko Polar, yana shigowa ne idan kana son ƙararrawar da za ta ce yi gudu, yi tafiya, ko gudunka ya fara wuce awa biyu. Abin dubawa batir ne: awa nawa yake yi GPS na kunne, ba kwana nawa yake yi a matsayin agogo ba. Mai gasar awa 5 zuwa 6 ya nemi wanda ke yin awa 10 ko fiye, don batir na raguwa da tsufa. Sauran lambobin, kamar hasashen lokacin gasa da makin shirin jiki, ƙiyasi ne. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ma'aunin bugun zuciya na wuyan hannu da haske yake aiki. Yana makara idan ka sauya sauri, wani lokaci kuma ya kama yawan takunka ya ɗauka bugu ne, sai ka ga 165 alhali kana hira. Ɗaure shi da kyau sama da ƙashin wuyan hannu yana rage hakan. Maɗaurin ƙirji ya fi gaskiya don siginar lantarkin zuciya yake karantawa, amma sai an jiƙa shi kafin a ɗaura. Iyakar bugun da agogo ke sa maka kuwa daga lissafi ta fito: 220 a debe shekaru, ko na wani mai bincike, Tanaka, 208 a debe kashi 70 cikin 100 na shekaru. Ga ɗan 50 wannan 170 ne ko 173, kuma naka na gaskiya yana iya bambanta da bugu 10 sama ko ƙasa. Idan agogo da numfashi suka saɓa, bi numfashi: in za ka iya faɗin jimla cikakkiya ba ka yanke ba, gudun mai sauƙi ne.

Ko tsarin da ka zaɓa ya dace da kai, takun farko bayan tashi daga barci ne zai nuna. Taurin agara ko dunduniya da ya saki cikin 'yan mintuna ba matsala ba ne. Idan ya kai kwana uku yana ƙaruwa, ko ya sa ka ɗingishi, cire gudun sauri gaba ɗaya, rage nisan makon da rabi, ka mai da kwana ɗaya na keke. In mako biyu suka wuce bai lafa ba, a kai wa likitan gashin ƙashi ya duba.