Na hau jirgin ƙasa daga Kofanhegin har ƙuryar arewacin Suwidin

Jama'a duk wanda Allah ya kai shi Denmak ko Suwidin kuma yana da ɗan lokaci, don Allah ya bar jirgin sama ya gwada jirgin ƙasa ko sau ɗaya ne. Ni a watan Yuni na yi tawa tafiyar kuma har yanzu abin bai fita raina ba wallahi.

Daga Kofanhegin, babban birnin Denmak, na tashi, jirgin ya fara shiga rami a ƙarƙashin teku, sai kawai muka ɓullo a kan gadar Oresund wadda aka buɗe a shekarar 2000, tsawonta kusan kilomita 8, ruwa hagu ruwa dama, kafin ka gama ɗaukar bidiyo ma an iso birnin Malmo, ka shiga Suwidin ke nan. Zuwa Sitokholm awa 5 da 'yan mintuna, kujeru masu laushi, ga wurin cajin waya, shiru kamar ba mutane a ciki. Wannan ɓangaren dai lafiya lau.

Wanda ya tafi da ni shi ne jirgin dare mai zuwa arewa. Da yamma muka bar Sitokholm, ni na yi bukin ɗin gado ne a ɗaki mai mutum 6, gadaje uku-uku a jere sama da ƙasa, ɗakin matsattse ne gaskiya, mai babban akwati zai sha fama, amma zanin gado fes, kuma jijjigar jirgin ita za ta sa ka barci. Kar ka yarda ka sayi kujera don rage kuɗi, wajen awa 17 ne fa zuwa Abisko, ƙauyen da na nufa can ƙuryar arewa. Kuma ka sayi tikiti da wuri don kuɗinsa yana tashi kullum, ka riƙe kati saboda kusan ko'ina ba sa karɓar tsabar kuɗi, sannan ka tafi da guzurinka, abincin cikin jirgi akwai tsada.

Na farka na ɗaga labule ban san ko asuba ce ko hantsi ba, rana ba ta faɗuwa a can a wannan lokacin, abin da ya tsaya min a rai shi ne sallah, sai da na tambayi wani malami kafin tafiyar ya ce in ƙaddara da lokutan gari mafi kusa da ake samun dare, haka na yi.

Bayan garin Kiruna muka yi kiciɓis da jirgin dakon tama mai tarago 68 da ke kai kaya tashar ruwan Narvik a Nowe, na so in ƙirga da kaina na kasa. Daga nan sai tafkin Tornetrask, duwatsu da sauran ƙanƙara a kansu a tsakiyar watan Yuni, kowa a taragon ya koma jikin taga, ni dai Subhanallah kawai nake ta maimaitawa har muka tsaya a Abisko.