Mai yafawa ko mai leɓe: ledar da ta dace da tafkin wanka da aka binne rabinsa

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Tunda tafkin naka mai bangon ƙarfe ne da aka binne rabinsa a ƙasa, kuma zaɓin sabuwar ledar da za a shimfiɗa a cikinsa ta riƙe ruwa ya tsaya tsakanin leda mai yafawa da leda mai leɓe, to ɗauki mai yafawa. Ita ce a gidana a nan Kaduna, kuma ita zan sake saya in lokaci ya yi. Sai dai don Allah kada ka zubar da ruwan tukuna, domin ƙasar da ke jingine da bangon ta fi ledar kanta ba ni tsoro, kuma zan zo kanta.

Saboda 'yan'uwan da ba su taɓa ganin su ba: mai yafawa ita ce wadda ake ɗora wa bango kamar yadda mace ke yafa gyale a kafaɗa, rarar ta sauko ta waje, sannan a danne ta da maƙalan roba a mayar da ƙarafan saman baki. A jikin kwali za ka ga an rubuta overlap. Mai leɓe kuwa, wadda ake rubuta wa beaded, an yi mata kauri a gefen sama, shi ake cusawa cikin wani siririn layin roba da ke zagaye da bakin tafkin daga ciki. Babu rara a jikinta. Tsawon da aka yanka ta a masana'anta shi ne tsawonta.

Wannan rarar ita ce dalilina. Bangon waɗannan tafkuna yana zuwa ne da tsayin inci 48, ko 52, ko 54 in na Amurka ne. Na Turai irin su Gre na ƙasar Sifen kuma santimita 120 ko 132. Amma wannan awon ranar da aka fito da shi daga kwali ne. Tafkin da ya yi shekaru rabinsa a ƙasa, damina ta jiƙa shi, rani ya busar, ba ya zama yadda aka kafa shi. Wani gefen ya ɗan nutse, wani ya ɗan karkato ciki, yashin da ke ƙasa ya taru a nan ya zaizaye a can. Lokacin da muka cire tsohuwar ledarmu, sai muka tarar gefen da ruwan indararo ke sauka ya yi ƙasa da kusan yatsu uku idan aka kwatanta da gefen katanga. Ido bai taɓa nuna mana ba, sai da aka ɗora ma'auni. Mai aikin, wani dattijo mai haƙuri, ko a jikinsa. Ya yafa ledar, ya maƙale ta da maƙalan shanya, aka fara zuba ruwa, yana zagayawa ba takalmi yana sassauta nan yana ɗan ja can, har layin ɗinkin ƙasa ya zauna daidai a gindin bango ko'ina. Inda bango ya yi gajere rara ta ƙaru a waje, inda ya yi tsawo ta ragu, shi ke nan. Da ruwa ya cika, ƙasan ya kwanta sumul, yara suka shiga suna murna, kuma har yau ban ga inda ta ja ko ta yi ƙunci ba. Akasarin masu yafawa ma leda ɗaya ce ke shiga bango mai inci 48 da mai 52, wanda ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mutumin da zai yi odar kaya daga waje, ya jira jirgi, kuma ba shi da hanyar mayarwa in awo bai yi ba.

Mai leɓe dai ta fi kyan gani, zanen bakinta yana tafiya a miƙe, kuma ana canza ta ba tare da an kwance ƙarafan sama ba. Iyakar abin da zan ce mata ke nan. In ta gaza da inci ɗaya, nauyin ruwa zai riƙa fizge leɓen daga layinsa, ka wayi gari ka ga gefe ya zazzago, ka koma neman ruwan zafi kana tausasa ta kana cusawa. In ta yi yawa kuma, sai tattara a gindin bango. Inda kawai zan ce ka saye ta shi ne idan tafkin ya zo da layin robar tun asali, kuma ka riga ka yi daɓen katako ko na tayil da ya rufe bakin ta yadda ba a iya ɗaga ƙarafan. In haka ne, auna tsayin bango a wurare da yawa, daga layin robar zuwa ƙasa, kafin ka biya ko kwabo.

Masu son mai leɓe za su ce maka ai rashin kwance ƙarafan sama shi ne ke hana bangon da aka binne faɗuwa. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta kai ba. Bangon nan falle ne na ƙarfe, siriri, an yi shi ne don ruwa ya tura shi waje ya tsaya ƙyam. Tafki mai zagaye, mai faɗin mita 5.5 da tsayin mita 1.2 yana ɗaukar ruwa kimanin lita 25,000, wato nauyin tan 25. Wannan nauyin ne ke riƙe ƙasar da aka cika a bayan bangon. Ka janye ruwan, ƙasa ta rasa mai tare ta, sai ta turo bango ciki. Wani lokaci a hankali yake lanƙwasa, wani lokaci ya fita daga layin da gindinsa ke zaune a ciki gaba ɗaya, kuma fallen da ya taɓa karyewa ba ya komawa daidai. Ƙarafan sama ba za su hana gindi motsi ba. Saboda haka kowace leda ka zaɓa, sai an yi tono.

A samu lebura biyu ko uku su kwashe ƙasar da ke zagaye da bangon, faɗin kamar rabin mita, har zuwa gindinsa, alhali ruwa na ciki. Da shebur za a yi, a hankali, kada a kawo diga kusa da ƙarfen. Ƙasar da aka kwaso a tara ta nesa da bakin ramin. Sai an gama wannan ne za a zubar da ruwa, kuma a ja tiyo a kai shi can nesa, kada ya dawo ya cika ramin da aka tona. Wanda tun farko aka gina masa katangar bulo a bayan bango, ko aka cika bayan da kankare mai ƙarancin siminti kamar yadda ake yi a Turai, shi ne zai iya tsallake tonon. Duk da haka kada tafkin ya kwana da yawa babu ruwa: sabuwar leda ta iso gida, ka buɗe ka duba ta, ruwan cikawa yana hannu, sannan a fara. Idan tanka za ka kira, mai lita 10,000 sai ta yi sawu uku. Idan rijiyar burtsatse ce, lissafa awannin wuta ko man janareta tun da wuri. Mayar da ƙasa kuma shi ne aiki na ƙarshe, bayan ruwa ya cika, kuma kada a daddaɓe ta da inji.

Lokacin aikin ma yana da muhimmanci. Ban da damina. Jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi nauyi, ramin da aka tona yana iya rufzawa, ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma yana ɗaga leda ta taso kamar kumburi tun ba ta zauna ba. Ledar tana son ɗumi kafin ta miƙe, don haka sanyin asubar hunturu ba ya yi mata, tana yin tauri. Zafin tsakar ranar Maris da Afrilu kuma yana sa ta saki fiye da kima. Ni a ganina Nuwamba ko Fabrairu sun fi, a shanya ta a rana da hantsi ta yi laushi, a fara ɗorawa.

Tunda an riga an tona, to dama ce ta ganin abin da ƙasa ta ɓoye. Duba gindin bangon ciki da waje, da kewayen bakin da ke zuƙar ruwa zuwa injin tacewa, domin nan tsatsa ke fara ci. Tsatsar sama-sama a kankare ta da burushin waya a shafa fentin hana tsatsa. Inda ya huje a yi faci da fallen ƙarfe mai ruwan zinki, a rufe kawunan ƙusoshin da gefunan facin da tef mai kauri ta ciki, don duk abin da ya yi tsini sai ya ci leda. Idan kuwa ka danna gindin da yatsa ya burma a wurare da dama, Alhaji, tsaya. Sabuwar leda ba ta riƙe ruɓaɓɓen bango, kuma tan 25 na ruwa in ya ɓalle lokaci guda, haɗari ne ga duk wanda ke kusa.

A ƙasa kuma a zuba tankaɗaɗɗen yashi mai laushi kamar santimita 5, a daidaita. A gindin bango a yi masa tudu mai gangara, tsayin kamar santimita 15, ya zagaye ko'ina. Wannan tudun shi ke hana ruwa cusa leda ƙarƙashin ƙarfe, kuma yawancin ledojin da ke yagewa a gindi rashinsa ne ya jawo. Abubuwa biyu da muke fama da su a nan: aya-aya da gara. Aya-aya tana huda leda ta fito cikin ruwa, don haka a tone ta har ƙwayoyinta na ƙasa, yanke ganye ba ya kashe ta. Gara kuma tana bin danshi. A yi maganinta kafin a zuba yashi, sannan a shimfiɗa tabarmar kariya mai kauri tsakanin yashi da leda, yadda magani ba zai taɓa ledar ba.

Wajen ɗorawa, kada a kwance ƙarafan sama duka lokaci guda, musamman in ana iska. A cire biyu ko uku, a yafa, a maƙale, a mayar da su sako-sako, a matsa gaba. In akwai injin zuƙar ƙura, a zura tiyonsa ta ramin bututu zuwa bayan leda, a toshe sauran kafofin da tef, ya zuƙe iskar da ke tsakani, za ka ga ledar ta manne wa bango. Tattarar ƙasa ana gyara ta ne tun ruwa bai wuce santimita biyu ko uku ba, ana turawa da tafin ƙafa daga tsakiya zuwa gefe. Da ya kai idon sawu, ta zauna ke nan. Kuma kada kowa ya sa wuƙa ya yanka ramin bututu sai ruwa ya kusa kai wurin, domin leda tana ci gaba da sauka yayin da ruwa ke hawa. A sa sababbin robobin toshe yoyo, tsofaffin sun riga sun mutu. Rarar waje kuma a naɗe ta, kada a yanke duka.

Ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa maka halin wasu masu sayarwa. Kaurin leda na gaskiya ana faɗinsa da milimita, ko da mil a awon Amurka: mil 20 daidai yake da kusan rabin milimita, mil 25 kuma kusan 0.64. Turawan Turai suna rubuta 40/100 ko 75/100, ma'ana milimita 0.4 ko 0.75. Akwai kuma wani awo da ake ce wa geji, wanda ba shi da tsayayyen ma'auni, kowane kamfani da nasa. Sai a nuna maka geji 25 ka ɗauka ta fi mil 20 kauri, alhali sau da yawa ba ta fi ba. Ka ce a rubuta maka milimita a rasit, in da hali ka je da ma'aunin kauri irin na masu walda. Wasu kuma za su ce kada ka wahalar da kanka, za su haɗa maka tamfol irin na kiwon tarwaɗa. Tamfol yana da zare a cikinsa, ba ya miƙewa ya bi siffar bango, kuma ba kowanne aka yi don ruwan da aka sa wa maganin kulorin ba. Na ga wanda aka kai wa tsohuwar ledar allon talla, an juya rubutun ciki, aka ce sabuwa ce daga waje. Haka nan leda da ta daɗe a ninke cikin sito mai zafi: buɗe ta a gaban mai shago, ka lanƙwasa kan ninkin, in ya yi fari ko ya tsage, bar masa kayansa. Wanda kuma ya ce zai ba ka ledar Intex ko Bestway, akasarinsu na tafki mai ƙafafun bututu ne da ake kafawa a sarari, kuma irin waɗannan ba su shiga bangon ƙarfe irin naka. A zafin ranarmu, kada ka sayi abin da ya gaza rabin milimita.

Bayan an gama, garin kulorin a narkar da shi a bokiti kafin a zuba, kada a watsa shi haka ya kwanta a ƙasa, yana koɗar da leda ya sa ta tauri. Awon tsamin ruwa, wanda ake kira pH, ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.6, in ya yi ƙasa sosai sabuwar leda ma tattarewa take. A kwanakin da rami ke buɗe kuma, a tsare yara sosai, sannan in ba ka da shinge mai ƙofa a kewayen tafkin, haɗa shi cikin kuɗin wannan aikin, domin bangon da rabinsa ke ƙasa ɗan shekara uku ma yana iya hawa. Allah ya sa a yi a sa'a.