Matoshin kunne ko monitan cikin kunne: wanne ya fi wa mawaƙi?

Wata 'yar'uwa a cikinmu ta kawo tambaya. Tana waƙa da ƙungiyar makaɗa masu ganga da jita da fiyano, kuma duk ranar da suka tashi daga atisaye sai ta koma gida kunnenta na tsuwa, wani lokacin har wayewar gari. Ta gwada toshe kunnen da soso, sai ta daina jin muryarta yadda ta saba, ta riƙa kauce wa kiɗa. Abin da take son sani shi ne: ta nemi matoshin kunne na mawaƙa, ko ta haƙura ta tara kuɗin monitan cikin kunne irin wanda ake gani a kunnuwan manyan mawaƙa?

'Yar'uwa, bari mu fara da tsuwar nan, don ita ce ma'aunin komai. Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan sashe nannaɗaɗɗe kamar dodon koɗi, mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyi masu gashi kimanin 16,000. Su ne ke mayar da girgizar sauti saƙon da ƙwaƙwalwa take karantawa. In ƙara ta yi musu yawa sukan galabaita, shi ne kike jin tsuwa da dushewar ji. Bayan kwana ɗaya ko biyu jin yakan dawo, mutum ya ɗauka ya warke. Amma duk wadda ta mutu a cikinsu ta tafi ke nan, ba ta sake tsirowa a jikin ɗan Adam. Kuma ɓarnar takan fara ne daga siraran sautuka, wajen girgiza 4,000 a daƙiƙa, inda haruffa irin su "s" da "sh" da "f" suke samun kaifinsu. Shi ya sa mai wannan matsala ba ya cewa ya kurumce. Cewa yake yi mutane sun daina buɗe baki in suna magana.

Hukumar NIOSH ta Amurka, mai bincike kan lafiyar ma'aikata, ta yanke iyaka da desibel, wato ma'aunin ƙarfin sauti: desibel 85 na tsawon awa 8 a rana. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu. Wato 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, in an kai 100 kuwa minti 15 ne kacal. Ƙungiya mai ganga da amfilifaya, wato akwatin ƙara sautin kayan kiɗa, a rufaffen ɗaki ba ta shan wahalar kai wa 100. To ki lissafa atisayen awa uku. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan bayanan inshorar lafiya a Jamus ya gano cewa haɗarin lalacewar ji saboda ƙara ya kusa ninki huɗu a wajen masu sana'ar kiɗa in an kwatanta da sauran jama'a. A 2016 likitoci suka ce wa Brian Johnson, mawaƙin ƙungiyar kiɗa ta AC/DC, ya dakatar da yawon wasa ko ya kurumce ɗungurungum. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Soson da kika gwada ba zan daɗe a kansa ba. Wajen kariya ba shi da laifi, yana cikin mafi ƙarfi ma, matuƙar an murza shi ya sirance, an ja kunnen sama, an cusa shi ciki sosai an riƙe har ya kumbura. Sai dai don masu aikin injina aka yi shi. Yana datse siraran sautuka fiye da masu kauri, sai kiɗa ya koma kamar daga bayan bango yake zuwa. Ki ajiye shi a jaka don ranar da kika manta naki. Auduga kuwa ki manta da ita, kusan ba ta tare komai.

Saura biyun da kika tambaya. Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne ba aiki ɗaya suke yi ba. Matoshin mawaƙa ragewa kawai yake yi: sautin ɗakin ne dai yake shiga, amma an sauke shi. Monita kuwa rufe ƙofa yake yi, sannan ya kawo miki wani sautin daban ta waya daga na'urar haɗa sauti. Na farko ba zai taɓa ƙara miki ƙara ba. Na biyu ƙaramar lasifika ce zaune daf da dodon kunnenki, wadda za ta iya ceton jinki, za ta kuma iya ƙarasa shi.

Wajen yawan ragi, matoshin mai matacin sauti lissafinsa a fili yake. Kamfanin Etymotic na Amurka ne ya fito da irinsa a 1988, wanda ake kira ER-15, bisa ƙirar wani injiniya mai suna Elmer Carlson, kuma yanzu kamfanoni da yawa suna yi. Dabarar ita ce: ramin kunne a buɗe yana da wani amo nasa da yake ɗaga sautukan da ke wajen girgiza 2,700 a daƙiƙa. Da zarar an toshe shi wannan amon ya ɓace, shi ne dushewar da kika ji da soso. Matacin yana mayar da amon, sai ragin ya zo kusan daidai daga sauti mai kauri har siriri. Akwai matacin desibel 9, da 15, da 25, ana cire wannan a sa wancan a jikin matoshi ɗaya. In dandamalinku yana kan 100 kika sa mai 15, kin dawo 85, minti 15 ɗinki ya zama awa 8. Mai 9 zai ba ki awa 2. Mai 25 galibi na mai ganga ne.

Monitan da ya zauna daram a kunne shi ma yana tare desibel ashirin da wani abu na hayaniyar waje. A takarda ya fi. Amma abin da zai isa dodon kunnenki ya dogara ne ga yatsanki da ke kan mamurɗin sauti. A 2008 masu bincike a Amurka sun auna mawaƙa da monitan ƙasa, wato lasifikar da ake jinginawa a gaban mawaƙi, sannan da na cikin kunne. Da aka bar su da son ransu, ƙarar da suka zaɓa kusan ɗaya ce a duka biyun. Sai da aka ce su sauke zuwa mafi ƙarancin abin da za su iya aiki da shi, sannan na cikin kunnen ya nuna fifikonsa. Kunne ya saba da ƙarar da ya saba, hannu kuma yana biye masa. Wanda ya sayi monita ya ƙure shi, an gudu ne ba a tsira ba.

Yanzu ga inda ya fi shafar ki a matsayin mawaƙiya, wato jin muryar kanki. Ki toshe kunnuwanki da yatsu ki ce "uuu". Kin ji yadda muryar ta cika miki kai kamar kina cikin randa? Muryarki tana bi ta ƙashin muƙamuƙi da na kai ta shiga ramin kunne. In ramin a buɗe yake sai ta fice, in a toshe yake sai ta taru. Mai jita bai san wannan damuwa ba, mawaƙi da mai busa ne suke fama da ita. Illarta ita ce kina jin kanki da ƙarfi alhali a waje muryar ta yi ƙasa, sai ki sassauta ba da saninki ba, ko ki rasa inda kike a kan kiɗan. Matoshi gama-gari, mai siffar ɗan bishiya da ake saya a shirye, yana rage wannan kaɗan ne kawai. Wanda yake maganinta sosai shi ne wanda masanin ji ya ɗauki zubin kunnenki aka ƙera miki, kuma ya shiga ciki har ya wuce lanƙwasa ta biyu ta ramin kunne. In za a ɗauki zubin ki faɗa musu waƙa kike yi, a yi shi mai zurfi, kuma ki tambaya ko za a ɗauka bakinki a buɗe, don ramin kunne yana sauya siffa in muƙamuƙi ya motsa. Matoshin da yake saki duk sanda kika buɗe baki don jan dogon sauti bai gama aikinsa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A nan kam monita ya yi wa matoshi fintinkau, ba na ɓoyewa. Matoshi yana sauke kowa tare: ke, da ganga, da jita. In dā ma ganga ta danne ki, to ta danne ki har yanzu, a hankali ne kawai. Monita kuwa yana ba ki damar cewa a ɗaga muryarki da fiyano, a sauke ganga. Mawaƙin da yake jin kansa ba ya ihu, saboda haka maƙogwaro ma yana hutawa. Ga kuma kukan lasifika da yake raguwa in an kwashe monitocin ƙasa daga gaban makirufo.

Amma yana da sharuɗɗa, kuma a nan mutane suke faɗuwa. Yana buƙatar na'urar haɗa sauti mai iya ware miki naki haɗin, da mutumin da ya san aikinta. Yana buƙatar abin da zai taka wa sauti birki in wani ya fizge waya ko makirufo ya faɗi, don wannan tsawar kai-tsaye za ta shiga kunnenki. Sannan ga kaɗaici: da kin sa shi sai ki ji an raba ki da ɗakin, ba kya jin tafi, ba kya jin abokin da ke gefenki. Daga nan ne ake fara ɗabi'ar da na fi tsana, cire kunne ɗaya a bar ɗaya. Ƙwaƙwalwa tana haɗa abin da kunnuwa biyu suka ji ne ta ba ki cikar sauti. In kin cire ɗaya sai na cikin ya yi miki ƙasa, ki murɗa shi sama, na wajen kuma yana shan hayaniyar dandamali ba kariya. Kunnuwa biyu sun cutu a lokaci guda, garin gyaran gira an rasa ido. Maganin kaɗaicin shi ne a kafa makirufo ɗaya ko biyu suna fuskantar jama'a, a zuba kaɗan daga sautinsu cikin haɗinki.

Matoshi ba ruwansa da duk wannan. Ba batir, ba waya, ba sai injiniya ya ga dama ba. Yana bin ki atisaye, yana bin ki kallon wasan wasu. Abin da yake nema shi ne haƙurin sabo, makonni kaɗan, kuma a fara a atisaye, ba ranar wasa ba.

Ni dai shawarata ki fara da matoshin. Ki sayi gama-gari mai mataci tun wannan makon, ki ga yadda kunnenki zai karɓe shi, in ya yi miki sai ki je a zuba miki naki da matacin 15, da na 9 don ranakun da ba ganga. Monita ya zo daga baya, ranar da ƙungiyar ta shirya masa gaba ɗaya. Ko kin same shi ma matoshin ba zai yi ritaya ba.

Akwai kuma abin da ba a saye da kuɗi, wanda sau da yawa ya fi su biyun tasiri. Yawancin ƙarar dandamali gasa ce: mai jita bai ji kansa ba ya ƙara, mai fiyano ya rama, mai ganga ya ƙara duka, mawaƙiya ta shiga ihu. Ku duba inda amfilifayar mai jita take. In a ƙasa take tana harbin gwiwarsa, ba zai taɓa jin ta ba, ke da ke gabanta ce za ki sha. A ɗora ta kan kujera ko a karkata ta ta fuskanci kansa, da kansa zai rage. Ki matsa daga farantan ƙarfen mai ganga, don su ne suka fi sukar kunne. A fili, ninka tazara yana rage kusan desibel 6, ko da yake a ƙaramin ɗaki bango yana dawo da wani abu. Ku sa manhajar auna sauti a waya, NIOSH ma tana da tata ta iPhone, a ajiye ta inda kike tsayawa. Lamba tana kashe gardamar da baki ba ya kashewa.

Tunda tsuwar taki tana kwana, ki je a yi miki gwajin ji yanzu, a ajiye sakamakon don a riƙa kwatantawa duk shekara. In kuma wata rana kika wayi gari kunne ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, kada ki jira ki ga ko zai dawo, ki nemi likitan kunne a ranar, don maganin irin wannan yana aiki ne a kwanakin farko.