Karador, Kiki-Jiki ko Heliod: wane damin halittu ya cancanci kuɗinka a teburin Commander?

Ƙanina ya fara zuwa shagon wasan kati a garin da yake karatu, kwanan nan ya turo min saƙo: "Yaya, ina son dami mai kashe mutum uku a tashi ɗaya, amma na halittu. Wanne zan saya?" Na fara amsa masa a waya, sai na ga zancen ya fi ƙarfin saƙo. To ga shi a rubuce, don shi da duk wanda ke shirin zuba kuɗinsa a wannan harka.

Ga wanda bai san wasan ba, Magic: The Gathering ake nufi, wanda Richard Garfield ya ƙirƙira, kamfanin Wizards of the Coast na Amurka ya fitar a 1993. Ba irin Whot ba ne da kowa ke ja daga tuli ɗaya. Kowa da nasa damin yake zuwa, shi ya zaɓi katunansa, shi ya saya. A salon Commander dami kati 100 ne, ba a maimaita kati sai filayen asali, wato katunan da ke ba ka abin biyan sauran katuna, kowa na farawa da rai 40, kuma galibi mutum huɗu ne a tebur. Kati ɗaya shi ne kwamanda, yana zaune a gefe a buɗe, launinsa ne ke yanke irin katunan da za ka iya sakawa. Lissafin a fili yake: abokan hamayya uku, rai 120. Wanda ya ce da duka da naushi zai cinye wannan, dare zai yi masa. Shi ya sa ake neman haɗi, wato kati biyu ko uku da in sun gamu suke juyawa ba iyaka har kowa ya faɗi.

Da Kiki-Jiki, Mirror Breaker na fara, kuma shi ya koya min abin da nake dubawa yanzu. Katin 2004 ne, mana biyar yake ci, mana kuwa shi ne kuɗin da ake biya kafin a sauke kati. In ka kwantar da shi, wato ka juya katin a kaikaice don ya yi aikinsa, sai ya yi maka kwafin wata halittarka, mai iya kai hari nan take. Ka kwafi Zealous Conscripts, kwafin na shigowa ya tayar da Kiki, ka sake kwantar da shi, haka har runduna ta cika tebur. A takarda babu abin da ya fi shi kyau. A tebur kuwa, rabin haɗinka na zaune a buɗe tun kafin a ja katin farko, mutum uku na kallonsa, kowa ya ɓoye masa wuƙa. Akwai daren da aka kashe min shi sau uku. Duk komawar kwamanda gefe ƙarin mana biyu ne, daga biyar zuwa bakwai, zuwa tara, zuwa goma sha ɗaya. Na ƙare wasan ina riƙe da katunan da ba su da wani amfani in babu shi, ina kallon mutane suna wasa kamar baƙon da aka manta da shi a zaure. Tun daga ranar, tambayata ta farko ga kowane dami ita ce: in an kashe maka ginshiƙi, me ya rage a hannunka?

Heliod, Sun-Crowned da Walking Ballista haɗi ne mai tsabta, kati biyu kacal, amma farin launi shi kaɗai ba ya da 'yan aike masu yawa, wato katunan da ke zaƙulo maka katin da kake so daga daminka, kuma in aka kori Ballista daga wasa ka zama ɗan kallo. Mikaeus, the Unhallowed da Triskelion mana goma sha biyu suke ci tare, kafin ka tara wani ya gama da kai. Thassa's Oracle da Demonic Consultation kuwa ba damin halittu ba ne, wayo ne kawai, kuma ba a sake gayyatar mai shi sau biyu.

Zaɓina Karador, Ghost Chieftain ne, ba na ɓoyewa. Ya fito a damin Commander na farko da kamfanin ya sayar a 2011, launinsa fari da baƙi da kore. Mana takwas aka rubuta masa, amma kowace halitta da ke maƙabartarka, wato tulin katunanka da suka mutu, na rage ɗaya, don haka a tsakiyar wasa sau da yawa uku kawai za ka biya, har harajin komawa gefe ragin na cinyewa. Aikinsa kuma, a kowane zagayenka ka sauke halitta ɗaya daga maƙabarta kamar tana hannunka. Abin da ya fi min daɗi, shi kansa ba ya cikin haɗin. Kashe shi ba ya rushe komai, kuma duk halittar da aka kashe maka ta koma inda kake so ta kasance.

Haɗin farko na kati huɗu ne. Kana buƙatar mahauci, wato halittar da ke ba ka damar yanka naka kyauta, Viscera Seer ko Carrion Feeder, duka mana ɗaya. Sai Karmic Guide, wadda in ta shigo take tayar da halitta ɗaya daga maƙabarta. Sai Reveillark, wanda in ya bar tebur yake dawo da halittu biyu masu ƙarfi biyu ko ƙasa. Ka yanka Guide, ka yanka Reveillark, shi ya dawo da Guide, ita ta dawo da shi. Ka ajiye Zulaport Cutthroat a gefe, kowace mutuwa ta rage wa dukkan abokan hamayya rai ɗaya. Babu hari, babu jiran a tare ka. Kati huɗu ya yi yawa, na yarda, amma duba su ɗaya-ɗaya. Reveillark shi kaɗai zai dawo maka da Eternal Witness da Sakura-Tribe Elder, wannan ciniki ne mai riba ko babu haɗi. Guide ita kaɗai tana tayar da mafi girman abin da aka kashe maka. Babu kati ko ɗaya a nan da zai zauna a hannunka yana jiran ɗan'uwansa.

Gajeriyar hanya ita ce Protean Hulk, wanda aka cire daga jerin haramtattu na Commander a 2017. In ya mutu, za ka zaƙulo halittun da jimlar manansu bai wuce shida ba, su sauka kai tsaye. Ɗauko Karmic Guide da Viscera Seer, biyar da ɗaya. Guide ta dawo da Hulk, Seer ya yanka shi. Karo na biyu ɗauko Mikaeus, shida cif, da Walking Ballista wanda a cikin tuli sifili ake ƙirga shi. Mikaeus na ƙara masa ƙarfi ɗaya ya rayu, kuma in ya mutu ba ɗigon ƙarfi a kansa sai ya dawo da ɗigo ɗaya. Ka cire ɗigon ka harbi mutum, ka yanka, ya dawo, ka sake. Kati ɗaya ya mutu, tebur ya watse.

Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Rest in Peace ko Bojuka Bog na iya share maƙabartarka a ƙiftawar ido, kuma duk mai hankali a tebur yana da ɗaya. Maganinsa, kada ka zuba dukiyarka duka a rami, ka riƙe wani abu a hannu, ka kuma saka Reclamation Sage da Knight of Autumn masu fasa irin su Rest in Peace. Sannan ka yi ƙofar baya da ba ta bi ta maƙabarta: Devoted Druid da Vizier of Remedies suna ba da koren mana mara iyaka, ka zuba shi cikin Ballista. Heliod ma fari ne, ya shiga nan a matsayin baƙo, inda ya fi amfani a kan ya zama mai gida. Ni fili 36 nake sakawa, halittu sama da talatin, da 'yan aike irin su Eladamri's Call da Chord of Calling da Birthing Pod. Masu son launi biyu sukan ɗauki Meren of Clan Nel Toth. Tana da kyau, amma babu fari, babu Guide, babu Reveillark, to me ya rage?

Kafin ka zauna, ka faɗa wa mutane cewa daminka na da haɗi mara iyaka. Tun Fabrairun 2025 kamfanin ya fito da matakai biyar na auna ƙarfin dami, kuma a matakai biyu na farko ba a son haɗin kati biyu. Kada ka kai Hulk teburin sababbin shiga.

Batun saye. Kada ka sayi rufaffun fakiti kana fatan katin da kake so ya faɗo, wannan ɗan'uwan caca ne, kati ɗaya-ɗaya za ka saya. Ka fara jera damin kyauta a shafin intanet na Moxfield, ka duba haɗinka a shafin Commander Spellbook ko da gaske yana juyawa. Sayi masu araha tukuna, Seer da Cutthroat da Guide da Reveillark an sake buga su sau da yawa, da su kaɗai damin zai yi tafiya. Survival of the Fittest na 1998, ɗan aike mai zaƙulo halittu, ya zama na ƙarshe, ko ma ka bar shi, Fauna Shaman na yin kusan aikinsa. Survival na cikin jerin katunan da kamfanin ya yi alkawarin ba zai sake bugawa ba, shi ne sirrin tsadarsa. Kuma kada kowa ya ce maka kati jari ne. A Satumbar 2024 aka haramta Mana Crypt da Jeweled Lotus da Dockside Extortionist rana ɗaya, farashinsu ya zube, mutane suka yi ta kuka.

Yanzu ga inda nake son ƙanina ya buɗe kunne. Survival ɗina na farko jabu ne. Wani ne ya tallata shi a wani rukunin saye da sayarwa, ya ce ya daina wasa, yana neman kuɗin haya, farashin bai kai rabin na kasuwa ba. Hoto ɗaya ya turo, katin na cikin rigar leda, na yi cinikin biri a sama. Wata biyu ina wasa da shi ina taƙama, sai ranar da na kai shi shago musaya. Mai shagon ya zaro ɗan gilashin masu duba zinare, bai yi minti ɗaya ba ya turo min abina. Mai sayarwar kuwa tuni ya goge shafinsa. Ruwa ba ya tsami banza, na sani, kwaɗayi ne ya rufe min ido.

Don haka gilashin nan shi ne sayayyarka ta farko, kafin Hulk, kafin Mikaeus. Juya katin, nemi koren da'irar da ke bayansa. A na gaske, cikin hasken da'irar akwai jajayen ɗigo huɗu da suka jeru kamar harafin L. A jabu, ko babu su, ko sun watse barkatai. Duba baƙin rubutu da bakin kati: a na gaske daban ake buga baƙin, a kan sauran launuka, gefensa santal kamar an yanka da reza. A jabu ɗigo-ɗigo za ka gani. Haska tocilar waya ta baya, na gaske yana da shuɗin ɓargo a tsakiyar takardarsa kuma haske na ratsa shi, yawancin jabu ko su toshe hasken ɗungurungum ko su yi fari fat. Sai dai kada tocila kaɗai ta yanke maka hukunci, don ana buga katunan a Beljiyam da Amurka da Japan, kuma takardar ba ta zama ɗaya sak. Abin da ya fi, ka ajiye wani kati mai arha daga fitowa ɗaya kusa da shi ka kwatanta. Nauyi kuma wajen giram 1.8 ne, ƙaramin sikeli zai gaya maka.

Ka san tarihin katin da kake saye. Ɗan tambarin nan mai ƙyalli a ƙasan katuna masu wuyar samu, a 2014 aka fara saka shi. Mikaeus na 2012 ba shi da shi, na Ultimate Masters na 2018 yana da shi. In ka ga an cakuɗa, ka tashi. Shafin Scryfall na da hoton kowane bugu, kyauta. Survival kuma yana da wani bugu mai bakin zinare daga damin tunawa da gasar duniya ta 1998, bayansa daban ne, ba a yarda da shi a gasa, kuma bai kai na ainihi daraja ba. Shi kansa ba jabu ba ne, amma in aka shafa wa bakinsa baƙin tawada aka saka shi a riga mai duhun baya, a hoto ba za ka gane ba. Ka nemi hoton gaba da baya, ba riga, da takarda mai sunan mai sayarwa da kwanan wata a gefe. Wanda ya ƙi, ko ya ce akwai wani na jira, ka bar wa wancan ɗin. Kada ka biya ta hanyar da ba a iya maido da kuɗi. Manyan kasuwanni irin su TCGplayer da Cardmarket da Card Kingdom sun fi tsada kaɗan, amma akwai inda za ka kai ƙara. Gwajin lanƙwasa kati da tsofaffin 'yan wasa ke yi kuwa, ka manta da shi, lalata kati yake yi kuma jabun yanzu na tsallake shi.

In kuɗin bai kai ba, ɗauki filin asali ka rubuta "Survival of the Fittest" a kai da alƙalami, ka nemi izinin tebur. A wasan abokai da yawa za su yarda, a gasar hukuma ne ba a karɓa. Wannan kowa ya san abin da yake, ba ya yaudarar kowa. Jabun da aka yi shi don ya yi kama da na gaske kuwa, ko kai ba ka sayar ba, wata rana zai bar hannunka ya cuci wani. Nawa na rubuta masa "JABU" da jan biro a fuska, yana cikin akwatina tare da gilashin. Duk wanda ya kawo min kati musaya, jabun nan nake fara ajiyewa a gefe, mu duba koren da'irar tare.