Sharhi kan zanen Dutsen Kufena da aka yi mini a Kaduna

Yawancin hotunan bango da ake sayarwa a kasuwannin Kaduna na duwatsun ƙanƙara ne da tafkunan Turai, shi ya sa da na tashi ƙawata falona na ba wani mai zane a nan cikin gari aikin zana mini Dutsen Kufena na Zariya da fentin mai. Na zaɓi shimfiɗar ƙasa ne domin babu mutum ko dabba a ciki, kuma malamai da yawa ba su ga laifin rataye irinsa ba.

Aikin ya yi kyau ƙwarai. Mai zanen ya kama hazon hunturu yadda yake dusashe ƙwanƙolin dutsen, ya fito da jar ƙasa, da karan dawa da aka jingine bayan girbi, da wata kuka da ta kaɗe ganyenta. Duk Bazazzagin da ya shigo yakan gane wurin tun kafin a faɗa masa, daga nan hira ta koma kan tarihin Zazzau.

Wannan ne amfanin da wasu al'ummai suka daɗe da ganewa. Sinawa sun ɗaukaka zanen dutse da ruwa tun zamanin daular Song, mai zane John Constable ya mayar da ƙauyukan yankin Suffolk fuskar Ingila, zane-zanen Thomas Cole kuma suka sa Amurkawa alfahari da dazuzzukan kogin Hudson. Mu ma muna da tushe, domin a Zariya ne ɗalibai irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958 don zane ya daina kwaikwayon Turawa, ga kuma Dutsen Zuma da aka sa a bayan tsohuwar takardar naira 100. Abin takaici shi ne har yanzu gidajenmu ba su bi sahu ba.

Akwai gyara. Mai zanen ya saɓa lokacin da ya ɗauka, katakon firam ɗin bai sha goga sosai ba, kuma shuɗin da ya sa a kusurwar sama ya fi kama da na damina, alhali komai na ƙasa rani yake nunawa. Kuɗin ma ba kaɗan ba ne, ko da yake aikin hannu ya cancanci hakan. Wanda zai ba da irin wannan aiki ya fayyace yanayin shekarar da yake so tun farko, ya kuma nemi mai zanen ya je wurin da ƙafarsa maimakon dogaro da hoton waya.